Sanda Ta Yi Nata, Saura Alƙalami

'Yan'uwa makiyaya, da fataken shanu, da dillalai, ina so in yi amfani da wannan fili in jawo hankalinmu ga wata magana da muka daɗe muna yi wa riƙon sakainar kashi, wato maganar aikin kula da filayen kiwo. Ra'ayina shi ne, muddin babu ƙwararrun ma'aikata da aka ɗora wa wannan aiki a ƙasar Gana, kuma muddin babu 'ya'yanmu a cikinsu, to kuwa rigimar makiyayi da manomi ba za ta ƙare ba, kuma kullum mu ne za mu riƙa kwana a ciki.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Duk wanda ya yi kiwo a nan ya san cewa babu dajin da ba shi da mai shi. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana a hannun sarakuna da dangogi take. Dazuzzukan da ke hannun gwamnati kuwa, kamar su Digya, da Kogyae, da Bomfobiri a nan kusa da Kumawu, an keɓe su ne domin namun daji da itatuwa, doka ta hana saniya shiga. Saboda haka makiyayi ba shi da inda zai sa ƙafa sai da yardar wani. Ya kai goro da ɗan maraƙi fada, a nuna masa daji da baki, ya kafa ruga. Bayan shekara biyu a ba mai gonar doya ko mai kankana wannan wurin dai, shi ma da baki. Babu wanda ya auna, babu wanda ya kafa alama, babu wanda ya rubuta. Ranar da saniya ta taka shuka sai kowa ya ce shi ne mai gaskiya, kuma a wani fannin kowannensu yana da ita.

Abin da ya faru a Agogo ya ishe mu darasi. An yi shekaru ana asarar rayuka, na manoma da na makiyaya, har a watan Janairu na 2012 Babbar Kotun Kumasi ta ba da umurnin a fitar da shanu daga wasu ƙauyukan yankin. Kafin nan an kori makiyaya daga sassan ƙasar nan a 1988, an sake a 1999. A farkon 2018 aka sake tura soja da 'yan sanda Agogo a samamen nan da suke kira Operation Cowleg, aka harbe shanu masu yawa. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna tara garke suka wayi gari ba su da ko bisa. Ba na cewa duk makiyayi mai gaskiya ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗanda suke sakin shanu cikin gona da dare, akwai masu ba yaro ƙarami garken da ya fi ƙarfinsa, kuma manomin da aka cinye masa masarar da zai ciyar da iyalinsa yana da hakkin ya yi kuka. Amma ku duba da kyau, a duk waɗannan shekaru wane ma'aikaci hukuma take turowa daji? Mai bindiga. Shi kuwa mai bindiga sai bayan an yi ɓarna yake zuwa. Wanda ya kamata ya zo tun kafin ruwan farko, da igiyar awo da littafi, shi ne babu.

To mene ne aikin wannan ma'aikaci da nake magana? Na farko, lissafin ciyawa. Masana sun auna cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kimanin kilo 6 a rana. Shanu 100 ke nan kilo 600 a kullum. Idan rani ya yi wata biyar, wato kwana 150, garken nan yana bukatar tan 90. Ba kuma duk ciyawar da ido ya gani ce za ta shiga cikin saniya ba, domin kofato zai tattake wata, gara ta ci wata, wuta ta lashe wata. Ma'aikacin yakan shiga fili a ƙarshen damina ya yanki gamba da kyasuwa a wurare daban-daban, ya busar, ya auna, sa'an nan ya ce wannan fili zai ɗauki shanu kaza har wata kaza. Na biyu, ruwa. Saniya tana shan wajen lita 25 a rana da rani, shanu 100 ke nan lita 2,500. Shi zai faɗi inda za a haƙa tafki ko rijiyar burtsatse yadda shanu ba za su gurɓata ruwan shan mutanen gari ba. Na uku, burtali: inda zai bi, faɗinsa, da turakun da za a kafa masa. Na huɗu, lokaci: ranar da za a buɗe wa shanu gonakin da aka girbe, da ranar da za su fita, da sashen da za a bari ya huta bana. Na biyar, wuta: share hanyar tare gobara, da hana ƙona daji barkatai. Na shida, idan an yi ɓarna shi ne zai auna ta da gaskiya ya rubuta kuɗinta, maimakon a riƙa yanka wa makiyayi tara daga ka.

Wani zai ce ai babu abin da ka lissafa wanda tsohon makiyayi bai sani ba. Haka ne. Ardon da ya yi shekara arba'in a daji, da ya dubi launin ciyawa da kashin shanu ya san ko wurin zai kai su bazara. Amma saninsa a kansa yake, kuma a majalisar gunduma ko a gaban alƙali takarda ake karɓa, da taswira, da lambobi. Abin da muke nema shi ne yaron da ya tashi a gindin wannan ardo, ya sha saninsa, kuma ya iya zuba shi a takarda da harshen da hukuma take ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikacin da bai taɓa kwana a ruga ba zai iya zana burtali ya bi da shi ta wurin da tsando ya yi yawa, ko ya sa mashaya inda shanu ba za su iya gangarawa ba, ba don mugunta ba, don bai sani ba ne.

Wannan aiki ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka, bayan kiwo ba tsari da fari sun lalata musu ƙasa, sun yi dokar kiwo a filayen gwamnati a 1934, suka kuma kafa hukumar da ke kula da filayen a 1946. Hukumar tana lura da kiwo a kan eka wajen miliyan 155, da takardun izini kusan 18,000. Mai shanu yana biyan kuɗi a kan kowace saniya da ɗanta a wata, ma'aikaci kuma yana zagayawa yana duba ciyawa, yana faɗin yawan shanun da za su shiga da ranar fitarsu. Aiki ne da ake karanta shi a jami'a, mutum ya shige shi yana saurayi har ya yi ritaya.

Idan Amurka ta yi mana nisa, ga Nijar nan. Tun 1961 suka yi dokar da ta shata iyakar noma daga arewa. A 1993 suka fito da dokar tsarin karkara wadda ta kafa kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, inda hakimi da malamin gona da malamin dabbobi da wakilin manoma da wakilin makiyaya suke zama tare, su tantance burtali da mashaya, a kafa musu turakun siminti, a rubuta a littafi. A 2010 suka ƙara da dokar kiwo wadda ta amince cewa yawon kiwo hakki ne na makiyayi. Ba a daina rigima a Nijar ba, amma makiyayi yana da ofishin da zai je da takardar da zai nuna.

Nijeriya kuma darasinta na daban ne. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965. An keɓe wurare sama da 400, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a doka. Da yawa daga cikinsu gonaki da gidaje sun cinye su, burtulla sun toshe, saboda ba a sa isassun ma'aikatan da za su tsare iyaka su gyara madatsun ruwa ba. Sai a 2024 suka kafa ma'aikata ta musamman don kiwo. Wannan ya nuna mana cewa ko da gobe aka wayi gari gwamnatin Gana ta ba mu daji da doka, idan babu mai kula da shi, shekara goma ta yi yawa zai salwance.

A nan gida ma an fara motsi. A 2018 gwamnati ta buɗe gandun kiwo a Wawase da ke yankin Afram, inda ake killace shanu. Dokar filaye ta 2020 ta ce masarautu da dangogi masu ƙasa su buɗe ofisoshin ajiye bayanan filayensu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan shanun da ke ƙetare iyaka ta tanadi takardar shaida mai nuna yawan garke, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi, ta kuma ce a samu makiyayi ɗaya a kan kowane shanu 50, wanda bai gaza shekara 18 ba. Ga shi kuma Burkina Faso da Mali da Nijar, inda yawancin shanun fatakenmu suke fitowa, sun fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025, abin da ya sa maganar takardu a kan iyaka ta ƙara bukatar wanda ya san doka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa kujera ce da wani zai zauna a kanta. Wani zai riƙe gandun, wani zai riƙe littafin fili, wani zai buga hatimi a Paga. Ko mun so ko mun ƙi za a cike kujerun nan. Tambayar ita ce, da wa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makarantar wannan aiki tana ƙofar gidanmu. Daga Zangon Ayigya titi kawai za ka ƙetare ka shiga Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda muke kira Tek. A cikinta akwai sashen da ake koyar da kula da namun daji da filayen kiwo, akwai sashen ilmin kiwon dabbobi, akwai kuma makarantar likitocin dabbobi inda ake yin shekara shida. Zango ya ba jami'ar nan masu gadi, da direbobi, da mata masu koko da ƙosai, kuma duk sana'a ce ta halal, babu abin kunya a ciki. Amma 'ya'yan masu shanu nawa ne suka shiga ta ƙofar nan da littafi a hannu don su karanci abin da ubanninsu suke ci da shi? Kowa ya ƙirga a unguwarsu.

Ba kuma sai jami'a ba. Akwai Kwalejin Kiwo da Lafiyar Dabbobi a Pong-Tamale, wadda ta daɗe tana yaye malaman dabbobin da muke gani a kara da mayanka. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Kwadaso a nan Kumasi, akwai ta Ejura, akwai kuma reshen Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Nyankpala kusa da Tamale. Abin da ake bukata shi ne yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau, musamman a lissafi da Turanci da kimiyya. Tun watan Satumba na 2017 aka ɗauke kuɗin babbar sakandare ta gwamnati, saboda haka uzurinmu ya ragu. Ni da karatuna ya tsaya a firamare na san zafin zama a taro ana karanta takardar da ta shafi dukiyarka, kana jiran wani ya fassara maka abin da ya ga dama.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma maganarsu abin dubawa ce. Za su ce boko yana raba yaro da shanu, ya dawo yana ƙyamar warin ruga. Ya faru, ba sau ɗaya ba. Amma yawanci yana faruwa ne idan aka tura yaro aka manta da shi, ko ya karanci abin da ba shi da alaƙa da gida. Yaron da duk hutu yake komawa wajen garke, kuma abin da yake karantawa shi ne ciyawa da ciwon huhu da sammore, karatunsa ƙara kusanta shi da shanu zai yi. Za su ce wa zai yi kiwon? Ba cewa na yi a kwashe yara duka ba. Mai 'ya'ya biyar ya ware ɗaya ko biyu masu kaifin kai ya tsaya musu har ƙarshe, sauran ma a tabbata sun iya karatu da rubutu. Kuma kada a ce sai namiji. 'Ya mace da ta taso tana tatsa tana yin wagashi ta san saniya ba kaɗan ba, kuma ga mata nan suna aikin likitan dabbobi.

Za su ce gwamnati ba ta ɗaukar aiki, masu digiri suna zaune a gida. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin albashi ba. Amma ba gwamnati kaɗai ke bukatar irin wannan yaro ba. Attajirai suna buɗe gandun kiwo na kansu suna neman manajoji. Ƙungiyoyin agaji masu aikin sulhu suna neman wanda ke jin Fulatanci da Hausa da Tuwi da Turanci, abin da ɗan Zango ya tashi da shi. Wanda ya iya noman ciyawa da ɗaure ta, ko ya buɗe shagon maganin dabbobi bisa izini, ya samu sana'a. Mu kanmu ƙungiyoyi, duk lokacin da rigima ta tashi sai mun biya lauya kuɗi masu yawa. Da mun riƙe ɗanmu mai ilmin awo da rabin wannan kuɗi, da yawan shari'un ba za su kai kotu ba. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma masu cewa ko ya yi karatun za a ce masa baƙo. Wannan ciwo ne tsoho, tun korar baƙi ta 1969 yake cin mutanen Zango, kuma Fulani sun fi kowa ɗanɗana shi. Amma tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Abin da yake kayar da mu sau da yawa shi ne rashin takarda. Rajistar haihuwa kyauta ce kafin yaro ya cika shekara ɗaya. Wanda ya yi sakaci da ita ya ɗaure wa ɗansa ƙafa tun yana goye.

Idan muna shakkar amfanin ma'aikacin dabbobi, mu tuna da bushiya. Kakanninmu sun ba mu labarin yadda take share garke cikin mako guda. Malaman allura ne suka bi daji ruga-ruga shekara da shekaru, har a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Da farko iyayenmu gudun masu allurar suke yi suna ɓoye shanu, don suna zaton ƙirga ce ta jangali. Da suka ga amfanin abin, su da kansu suke kai garke. Abin da aka yi wa cuta za a iya yi wa rigimar fili, idan an samu masu aikin.

Saboda haka ga kirana. Ga 'yan'uwa fatake da dillalai na karar Kumasi da mayankar Kaase, ku ne masu kuɗi a hannu kullum. Mu zauna mu yanka wani abu kaɗan a kan kowace saniya da aka sayar, a zuba a asusu mai masu sa hannu uku, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a duk wata uku. Da shi za a ɗauki nauyin yara, da sharaɗin za su karanci kiwo, ko lafiyar dabbobi, ko awon ƙasa, kuma su yi wa ƙungiya hidima ta wasu shekaru bayan sun gama. Kada fatake su ga kamar abin na mutanen daji ne kawai. Ranar da aka harbe shanu a Agogo, washegari farashi yake tashi a Kaase.

Ga shugabannin rassa, kowane reshe ya rubuto sunayen yaran da ke sakandare daga gidajen membobinsa, don mu san inda za mu fara. Ga sarakunan Zango da na Fulani da limamanmu, ku sa baki, maganarku ta fi tamu shiga kunnen iyaye. Ga masu martaba sarakunan ƙasa da suke ba mu masauki, muna roƙo duk filin da za a ba makiyayi a auna shi, a rubuta, a sanar da manoman wurin tun kafin saniya ta iso. Ga Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona da majalisun gundumomi, muna roƙo a sa jami'in filayen kiwo a kowace gunduma mai shanu, a ba shi babur da kayan awo, a kuma ba shi kujera a kwamitin tsaro na gunduma. Kuɗin man motocin samame guda zai riƙe irin wannan jami'i tsawon lokaci. A ɗauki 'ya'yan manoma, a ɗauki namu, su yi aiki ofis ɗaya, domin jami'in da za a ce na makiyaya ne kaɗai, manomi ba zai yarda da awonsa ba.

Ku kuma samari da 'yan mata, idan Allah ya ba ku wannan dama, ku sani ba a tura ku don ku kare ɗan'uwa ko da shi ne da laifi ba. An tura ku ne ku faɗi gaskiya da awo. Ranar da lissafi ya nuna fili ba zai ɗauki shanun babanku ba, ku gaya masa cikin ladabi. Da haka ne za a yarda da ku ranar da kuka ce manomi ne ya shiga burtali.

Sanda ta kawo mu inda muke, ta yi iyakar ƙoƙarinta, kuma ba za mu yar da ita ba. Amma ba ta iya sa hannu a takarda. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya. Wassalam.

Daga Sakataren Reshe, Zangon Ayigya, Kumasi.